Nakiya Ta Bakwai a Akwatin Mahkam-ota

Bayan an yi sadakar arba'in ta Mahkam-ota, an wanke babbar tukunyar dafa shinkafar osh an mayar wa masu unguwa, 'yarsa Sanobar ta ce lokaci ya yi da za a share ɗakin ajiyar da ke ƙarshen tsakar gida, bayan rumfar inabi. Tsohon bai taɓa yarda wani ya taka ɗakin ba. Shekara talatin ya yi yana koyar da darasin horon soja a sakandaren garinsu, tun zamanin Sobiyet, lokacin da ɗalibi sai ya iya fareti da harhaɗa bindiga kafin ya gama makaranta. Da ya yi ritaya aka ce a zubar da tarkacen ajinsa, shi kuwa ya loda su a amalanke ya kawo gida.

Sanobar malamar lissafi ce, ta haura hamsin, mace mai son ta ga komai a muhallinsa. Ƙanenta Norkul direban tasi ne, kuma tun yana yaro hannunsa ke riga hankalinsa isa wuri. Su biyu suka shiga aikin. Suka fitar da tsofaffin taswirori, da bindigogin katako, da hotunan bango da ɓeraye suka ci gefensu. Can ƙarƙashin wata shimfiɗar ulu suka tarar da koren akwati. Kafin Sanobar ta buɗe baki Norkul ya riga ya ɓalle murfin.

Abubuwa ne kwance a cikin dusar katako, wasu kamar kasko, wasu kamar gwangwani, ɗaya kuma ɗan akwatin katako. Ta gane su daga hotunan da suka fitar yanzu. Nakiyoyi ne irin na binnewa a ƙasa.

"Opa, kin ga yadda fuskarki ta koma?" Norkul ya ce yana dariya; opa suke kiran babbar yaya a can. "Na koyo ne, babu komai a cikinsu. Baba ya sha ɗora mana su a kan tebur a aji."

"Rufe dai."

Bai rufe ba. Ya zaro guda, ya tafi da ita gidansa, ya goge tsatsarta da samfefa, ya shafa mata sauran koren fentin ƙofarsa don ta yi kyau a idon mai saye. Ya kuma samo mai sayen, wani Shuhrat, dillalin da ke haɗa masu tara kayan yaƙi na tarihi da irin waɗannan abubuwa. Shuhrat ya ce ta waya zai kwashe akwatin gaba ɗaya a kan kuɗi guda, ba sai an sha wahalar tantancewa ba.

Saurin da dillalin ya yi ne ya hana Sanobar sakewa. Wani abokin aikinta ya ce mata, "Je ki kasuwar tsofaffin kaya ta Tashkent ki nemi Ergash-aka. Abin da ya ce miki, shi ne."

Ranar Lahadi da safe ta hau bas. Ta same shi a layin masu ƙarafa, zaune a bayan tebur mai cike da hulunan kwano, da gorunan ruwa na soja, da kawunan bel. Ergash, wanda ake ƙara wa sunansa "aka" don girmamawa, tsoho ne siriri, da hula baƙa mai kusurwa huɗu, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Yana saurayi ya yi aikin tono nakiya a Afganistan, bayan ya dawo kuma ya ƙara shekaru masu yawa yana tono su a duwatsun kan iyaka. Ta iske wani mutum a gabansa da gurneti na koyo, yana rantsuwa kakansa ne ya zo da shi daga babban yaƙin duniya. Ergash ya juya abin sau ɗaya, ya kai shi hanci.

"Ɗan'uwa, wannan fentin bai kai jikata shekaru ba, ita kuwa bana ta fara tafiya. Kakanka dai Allah ya jiƙansa."

Mutumin ya karɓi kayansa ya wuce yana ƙunƙuni. Sanobar ta matso ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Bai katse ta ba har ta gama.

"Kin taɓa su?"

"Ƙanena ya taɓa."

"Yana da 'ya'ya?"

"Uku."

"To ki ce masa ya daina. Kada ki kawo mini ko guda, kada ki ja akwatin, kada ki share kusa da shi. Ni zan zo jibi."

Ranar Talata da hantsi ya iso da 'yar jaka a hamata. Ya zauna a gadon katakon da ke ƙarƙashin inabi, ya yi wa mamacin addu'a, ya gutsuri gurasa, ya kurɓi shayi sau ɗaya, ya ce sauran sai bayan aiki. Yana miƙewa Norkul ya shigo da Shuhrat, mutum mai ƙiba da jakar fata, yana ƙamshin turare.

"Kai, har an kira liman?" Shuhrat ya ce. "Ergash-aka, in na san za ka zo da na ƙaro kuɗi a aljihu."

"Da ka kyauta," in ji Ergash. "Tsaya daga bakin ƙofa, cikinka na tare mini haske."

Ya durƙusa a gaban akwatin, ya haɗa hannuwansa a baya kamar mai tsoron kada su yi masa gardama. Ya daɗe yana kallo kawai, yana haska tocila ta nan da can. Sanobar ta sha ganin masu sana'a, amma ba ta taɓa ganin wanda kallo kaɗai ya zame masa aiki haka ba. Sai da ya gamsu sannan ya sa ɗan buroshi ya kawar da dusar da ke kan ta farko.

"Zo ki gani, ƙanwata," ya ce. "Kayan mahaifinki ne, ya kamata ki san abin da kike sayarwa. Kin ga wannan farin zanen da ya kewaye ta? Alamar koyo ce. Ga harafin nan kuma da aka buga a jikin ƙarfen. Amma fenti da harafi kowane maƙaryaci na iya yin su. Abin da nake so shi ne wannan."

Ya nuna mata huda guda huɗu a gindin. Ya haska ta ɗaya, hasken ya fito ta ɗayar.

"Wadda haske ya ratsa ba ta da abin ɓoyewa."

Sai a lokacin ya ɗaga ta. Ya rataya ta a ƙaramin sikeli, ya duba wani tsohon littafi da ya cika da rubutun hannunsa, ya gyaɗa kai, ya fita da ita ya ajiye a kan tabarma can nesa, kusa da ƙofar gida. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu na tankar yaƙi ne, ya ce irinsu sun yi yawa a kasuwa, darajarsu kaɗan ce. Ɗaya an yanke gefenta tun daga masana'anta don ɗalibi ya ga yadda cikin yake, an shafa wa kowane sashe launinsa. Wannan, in ji shi, masu tarawa na son ta, don ita ce ke yin kyau a kan kanta.

Norkul ya kawo tasa da ya yi wa kwalliya, tana ƙyalli, ya miƙa da alfahari. Ergash ya karɓa ya dube ta, ya dubi Norkul.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Gyara ta na yi, aka."

"Ka goge lambar masana'anta, ka goge shekara, ka goge hannun duk wanda ya taɓa riƙe ta. Mai saye tsufan yake biya, kai kuwa ka aske mata gemu. Da tana da daraja. Yanzu kai wa matarka ta danne kabejin da take jiƙawa."

Shuhrat ya yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar ta tsaya lokacin da aka zo kan ɗan akwatin katakon. Ergash ya buɗe murfinsa a hankali. A inda ya kamata a sami abin fashewa, guntun itace ne aka sassaƙa daidai wurin, an ƙona masa harafin koyo da ƙarfe mai zafi, da shekarar 1942.

"Lokacin ƙarfe ya yi tsada, duk ya tafi bakin daga," ya ce. "Kafintoci aka sa suna yin waɗannan. Dubi haɗin kusurwar, babu ƙusa ko ɗaya. Wanda ya yi wannan ya saba yin akwatin amarya ne, yaƙi ya canza masa aiki, amma hannunsa bai iya yin ha'inci ba. Irinsu gara ta cinye, ko an hura wuta da su a shekarun sanyi. A rayuwata wannan ce ta uku da na gani lafiya lau."

Ya faɗi abin da za a iya biya a kanta. Ita kaɗai ta ninka abin da Shuhrat ya yi wa akwatin duka tayi. Norkul ya juya ya zuba wa dillalin ido.

"To me?" Shuhrat ya ce, ko a jikinsa. "Ni ɗan kasuwa ne, ba mai wa'azi ba."

Shida suka jeru a kan tabarma. Ergash ya koma ya share sauran dusar, don ya ga akwai wani abu a ƙasan akwatin. An raba shi da sauran da allon katako, an naɗe shi da tsohon bargon soja. Ya ɗaga bakin bargon da yatsu biyu, ya yaye shi kaɗan kaɗan. Wata faffaɗar nakiya ce mai launin toka, da mariƙi a gefe, da haruffan da ba na Rasha ba.

Sanobar na kusa da shi, ta ji numfashinsa ya canza. Hannunsa mai yatsu uku ya bi saman ƙarfen a iska, bai taɓa ba.

"Ta Jamus ce," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ganimar yaƙi. Akan kawo su makarantun soja don a nuna wa yara abin da za su tarar a gaba. Waɗannan haruffan biyu, da harshensu, koyo suke nufi. Shekara ashirin ina neman irin wannan. A hoto kawai na san ta."

Shuhrat ya manta da maganar haske, ya kutso kai. Yana ganin ta ya ambaci kuɗin da ya sa Norkul ya dafa bango. Ergash bai ko waiwaya ba. Ya kwanta rub da ciki a ƙasan ɗakin, da tsufansa, ya kai tocila gefen nakiyar, ya ɗauko gilashin ƙara gani. Ya fi minti goma a haka. Da ya tashi zaune fuskarsa ta koma irin ta mutumin da ya ga abinci ya tuna yana azumi.

"Babu huda," ya ce. "Murfin da ake dubawa ta ciki ya ci tsatsa ya manne. Haruffan kuma a kan wani fenti suke zaune, akwai na farko a ƙarƙashinsu. Wataƙila tun can aka sake mata fenti, hakan na faruwa. Wataƙila kuma wani ne ya rubuta mata abin da ba ita ba ce."

"Ka ɗaga ta ka auna mana," in ji Shuhrat.

"Ba na ɗaga abin da ban ga cikinsa ba."

"To a murɗe murfin. Ɗan mai kaɗan, da sifana."

"In kana so ka murɗa, bari mu kwashe unguwar tukuna, sai ka bar mana wasiyya."

Norkul ya ce, "Aka, Baba fa a amalanke ya kawo ta, a kan duwatsu. Shekara nawa tana nan ba ta yi komai ba."

"Mahaifinka ya san aikinsa. Shida ya zuba su tare kamar dankali. Wannan ya naɗe ta, ya sa mata allo, ya hana ku shiga ɗakin. Me kake gani ya sa?"

Ergash ya juya wajen Sanobar, don ita ce babba.

"Ƙanwata, kayanki ne. Cikin goma, tara na ce babu komai a cikinta. In na kira masu kwance bama-bamai ba za su tsaya wasa da murfi ba, fasa ta za su yi, kuɗin da kika ji kuma ya tafi. In kin ce in rufe bakina in tafi, ba zan iya ba, gara ki sani tun yanzu. Amma na fi so ya fito daga bakinki."

Sanobar ta dubi bangon ɗakin. Bayansa kicin ɗin maƙwabta ne, tana jin amaryar gidan na yanka karas.

"Kira su," ta ce.

Ya yi waya, sannan ya bi gidajen da ke kusa da kansa, yana sallama, yana cewa a ɗan fito zuwa bakin titi, za a duba wani tsohon kaya. Yadda ya yi maganar babu wanda ya firgita. Tsofaffi suka fito da butocin shayinsu, suka zauna a inuwar ɗakin shan shayi na unguwa kamar ranar biki. Da motar sojoji ta iso, hafsan da ya sauko ya cire hula ya gai da Ergash da hannu biyu, ya kira shi malam. Ashe yana cikin waɗanda Ergash ya koyar a duwatsu. Suka shiga su biyu, suka fito, hafsan ya ce shi ma ba zai taɓa murfin ba.

Aka ɗauki nakiyar a cikin buhunan yashi, motar na tafiya kamar ta ɗauko ƙwai, zuwa wani busasshen kwari a bayan gari. Norkul ya bi su a tasinsa da Sanobar da Ergash, Shuhrat na biye a tasa motar. Aka tsayar da su a kan tudu. Ergash ya tsaya da hannuwa a baya. Da ƙarar ta tashi, ƙura ta yi sama ta kwanta, Sanobar ta ga ya runtse ido ya saki ajiyar zuciya.

"Ƙarar ta yi kaɗan," ya ce. "Abin fashewar da sojojin suka ɗora mata ne kawai ya tashi."

Hafsan ya hau tudun da guntun ƙarfe a hannu, da wani farin dunƙule manne a jikinsa.

"Siminti ne, malam. Ta koyo ce ta gaskiya."

Shuhrat ya tafa hannu. "Madalla da gwani! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ka tashi unguwa guda, ka kira soja, ka fasa kuɗin mota sabuwa, duk a kan siminti. Wallahi sai kasuwa ta ji wannan."

"Ka gaya musu," in ji Ergash. "Ka ce siminti ne, kada ka rage komai."

Ya juyo wajen Sanobar, ya dafa ƙirji. "Na jawo miki asara, ƙanwata. Ki yafe mini."

Ta nemi haushi a ranta ba ta samu ba. Abin da ta gani shi ne tsohon da ya yi shekara ashirin yana neman abu, ya same shi a gabansa, ya kuma tsaya a kan tudu yana kallo ana fasa shi da izininsa. Idanunsa sun yi ja, ba ta san ko ƙura ce ba.

"Aka, in gobe aka sake samun irinta, me za ka yi?"

"Abin da na yi yau."

"To babu abin yafewa. Mu je gida, shayinka ya huce."

Norkul ya kama hanya, yana tuƙi yana cizon leɓe. Sai da suka shigo gari ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, ranar da ya ɗauki tasa ya kai gida, ƙaramar 'yarsa ce ta riƙe masa ita a cinya a cikin mota. Ergash ya ce masa wannan mai huda ce, ba komai, amma kada ya ƙara.

Sojoji suka duba shidan suka ba da takardar shaida cewa babu komai a cikinsu. Ergash ya haɗa Sanobar da wani likita mai ritaya da ke da ɗan gidan tarihi na kansa, ya sayi biyar a kan farashin da tsohon ya faɗa, bai nemi ragi ba da ya ji wanda ya tantance su.

Shuhrat ya cika alkawari. Kafin mako ya zagayo babu wanda bai ji labarin ba a layin masu ƙarafa, har wasu suka fara kiran tsohon Ergash Siminti. Yakan amsa sunan kamar da shi aka raɗa masa. Abin da dillalin bai yi tsammani ba shi ne yadda masu saye suka fahimci labarin. Suka ce mutumin da ya fasa abin da ya fi so saboda shakka ɗaya cikin goma, in ya ce maka kaya lafiya suke, ka ajiye su a ɗakin da 'ya'yanka ke kwana. Aka fara tambayar dillalai, kafin a yi ciniki, ko Ergash ya gani.

Wata guda bayan haka Sanobar ta koma kasuwar da kwandon rumman daga bishiyar gidansu, don ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Ta tarar da mutum huɗu a tsaye suna jiran sa. Na ƙarshensu Shuhrat ne, yana ta duban wani gefe kamar hanya ce ta biyo da shi. Da layi ya zo kansa ya yi gyaran murya.

"Wani abokina ne ya sami wani abu a gonar surukinsa."

"Abokinka," in ji Ergash. "Yana ina, abin?"

"Yana can inda yake. Ban taɓa ba. Wato, bai taɓa ba."

"Ka fara hankali da tsufanka. Da motarka ka zo?"

"Tana bakin ƙofa."

Ergash ya karɓi kwandon daga hannun Sanobar, ya yi godiya, ya zaɓi rumman guda mafi girma ya cusa wa Shuhrat a aljihun kwat. Ya ja tamfol ya rufe teburinsa, ya ce wa maƙwabcinsa mai sayar da tsofaffin agoguna ya sa masa ido, ya ɗauki 'yar jakarsa, suka nufi ƙofar kasuwa suna gardama a kan wanda zai sayi mai.